Shekarar da mura ta ɓarke mana a gidan jinyar tsofaffi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da tsofaffi marasa lafiya, kuma bayan aikin yau da kullum an ɗora mini alhakin hana yaɗuwar cututtuka a gidan. Galibin shekara wannan alhaki bai wuce sa ido kan wanke hannu da tsaftar kayan aiki ba. Amma da zarar lokacin sanyi ya ƙarato sai ya cinye duk sauran ayyukana, domin a lokacin ne cututtukan numfashi uku suke yawo tare: mura mai tsanani da ake kira infuluwenza, da korona, da wata ƙwayar cuta mai suna RSV, wadda mutane da yawa suka ɗauka ta jarirai ce kawai, alhali tana kwantar da tsofaffi ƙwarai da gaske.

Irin gidanmu ya yi wa waɗannan cututtuka daidai ta kowace fuska. Mutanen da ke ciki ba jinyar mako guda suka zo yi su koma ba, nan ne gidansu. A zaure ɗaya suke cin abinci, wasu biyu-biyu suke kwana a ɗaki, kuma mai kula ɗaya ce za ta tayar da wannan, ta yi wa wancan wanka, ta ba na ukun abinci a baki, duk fuskarta dab da tasu. Ga shekaru, ga ciwon zuciya, ga ciwon suga, ga huhun da ya gaji. Duk mai wannan sana'a ya san labarin garin Kirkland na jihar Washington a Amurka, inda a watan Fabrairun 2020 korona ta shiga wani gidan tsofaffi ta kama mutum fiye da 100, mazauna da ma'aikata da baƙi, fiye da 30 kuma suka rasu. A lokacin babu allura, babu magani, gwajin ma da ƙyar ake samu. Mu yanzu muna da duka ukun. Abin da ya rage mana shi ne su isa ga mutum a kan kari, kuma a nan gizo yake saƙar.

Tun sanyi bai shigo ba na fara da rajista. Na bi fayil ɗin kowane mazauni na fitar da 'yan abubuwa a takarda ɗaya: shekarunsa, nauyinsa, allurar rigakafin da aka taɓa yi masa da ranar da aka yi, maganin da jikinsa ba ya so, magungunan da yake sha, sakamakon gwajin ƙodarsa na baya-bayan nan, da sunan wanda ke yanke masa shawara idan shi ba zai iya ba. Aiki ne mai gundura, ba wanda zai yaba maka a kansa. Wasu sun zo mana daga asibiti da takardar sallama da ba ta ce uffan a kan rigakafi ba, sai an yi ta buga waya ana bin sawu. Duk wanda gwajin ƙodarsa ya tsufa na roƙi likita ya sa a ɗebi jini a sake. Wata abokiyar aikina ta ce, "Sista, ina ruwan ƙoda da mura?" Na ce mata maganin da za mu raba in murar ta ɓarke ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma ranar da muke buƙatarsa ba ranar jiran sakamakon jini ba ce.

Daga nan sai neman amincewa. Na haɗa tambaya biyu a takarda ɗaya: ko an yarda a yi allura, da kuma ko an yarda a ba da maganin kariya idan cuta ta ɓulla a gidan. Masu cikakken hankalinsu na zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Masu ciwon mantuwa kuwa sai ta hannun 'ya'yansu ko wakilansu, kuma nan ne lokaci ya tafi.

Wata mata ta ce da ni a waya, "Sista, bara da aka yi wa Baba allurar nan sai da ya kwana biyu yana masassara. Ba ita ta sa masa murar ba?" Na ce, "'Yar uwa, allurar da muke yi babu rayayyar ƙwayar cuta a cikinta, ba za ta iya sa masa mura ba. Ciwon hannu da kasala da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, wannan kam ana yi, garkuwar jikinsa ce take motsawa." Na ƙara mata da cewa sai allurar ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara ba da kariya, saboda haka wanda ya kwashi cutar a wannan tsakani zai kwanta, kuma allura za a ɗora wa laifi. Ta ce za ta yi shawara da yayanta. Ta kira daga baya ta ce a yi.

Wani dattijo mai kaifin tunani kuwa cewa ya yi, "'Yata, wai shekara nawa za ku yi kuna huda ni?" Na ce, "Baba, murar ce ba ta zama a kamanni ɗaya." Na gaya masa Hukumar Lafiya ta Duniya takan zauna sau biyu a shekara, a watan Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba domin na kudanci, ta duba irin murar da ke yawo ta zaɓi waɗanda za a sa a allurar kakar da ke tafe. Har na ba shi labarin wani reshe na mura nau'in B mai suna Yamagata, wanda tun watan Maris na 2020 ba a sake tabbatar da ganinsa yana yawo ba, shi ya sa allurar da a da take ɗauke da iri huɗu ta koma uku. Labarin ya burge shi. Ya yarda da ta mura da ta korona, ya ce ta RSV kuwa a bar shi, biyu sun ishe shi. Na rubuta ya ƙi, na sa hannu. Mutum mai hankalinsa yana da ikon cewa a'a a kan jikinsa, ko da ni ina ganin da ya karɓa da ya fi.

Batun wace allurar mura za a saya na tsaya kai da fata a kansa. Garkuwar jikin tsoho ba ta amsa allura kamar ta matashi, shi ya sa aka yi wa masu shekara 65 zuwa sama nasu na musamman. Akwai mai ƙarfi, Fluzone High-Dose, wadda sinadarin da ke cikinta ya ninka na allurar yau da kullum sau huɗu, maikirogiram 60 na kowane iri maimakon 15. Akwai Fluad, wadda aka sa wa wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2014, mai mutum kusan 32,000, ya nuna mai ƙarfin ta rage kamuwa da mura da kimanin kashi 24 cikin 100 a kan ta yau da kullum. Wanda ya fi shafarmu shi ne na 2017, da aka yi a gidajen jinyar tsofaffi 823 a Amurka, inda kwantarwa a asibiti saboda ciwon numfashi ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100 a gidajen da aka ba mai ƙarfin. Wani zai ce 13 ba ta da yawa. Wanda ya taɓa ganin yadda tsoho yake dawowa daga kwanciyar asibiti ba zai ce haka ba.

Ta RSV sabuwa ce. Sai a watan Mayun 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da biyun farko, Arexvy da Abrysvo, bayan shekaru masu yawa ana nema, ta uku mai suna mResvia ta biyo baya a 2024. A yanzu sau ɗaya ake yin ta, ba kowace shekara ba. Na gaya wa iyalai gaskiya cewa an sa mata gargaɗi a kan wani ciwon jijiyoyi da ba kasafai ake samunsa ba, mai suna Guillain-Barré, amma ga wanda ya haura 75 ko yake zaune a gida irin namu haɗarin cutar ya rinjayi na allurar nesa ba kusa ba. Ta korona kuwa kowa ya santa. Tun ranar 8 ga Disambar 2020 da aka fara yin ta a Birtaniya da wata tsohuwa, Margaret Keenan, mai shekara 90 a birnin Coventry na Ingila, tsofaffi ne a sahun gaba. Matsalarta ita ce ƙarfinta yana raguwa bayan 'yan watanni, ƙwayar cutar kuma tana sauyawa, don haka sai an riƙa sabuntawa.

An halatta a yi duka ukun rana ɗaya. Ni dai na zaɓi a yi ta mura a hannu ɗaya, ta korona a ɗayan, ta RSV kuma a ɗan jinkirta ta, don in wani ya ji jiki in san wadda ta jawo. Ranar allurar da asuba na duba ma'aunin firji, yana tsakanin digiri 2 da 8 kamar yadda ake so. Muka ɗora kaya a kan ɗan teburi mai taya muka bi ɗaki-ɗaki. Hannun tsohuwar da ta rame abu ne da sai an kula: naman kafaɗar ya zama ɗan kaɗan, sai ka lalube shi da yatsu kafin ka sa allura, kada ka yi sama da yawa ka taɓa gaɓa. Masu shan maganin tsinka jini mukan danne musu wurin da auduga na minti biyu. Kowa mu zauna da shi kwata ɗin awa, mu rubuta lambar kwalbar da aka ɗiba masa. Wata baiwar Allah mai ciwon mantuwa tana hango sirinji ta ƙanƙame hannunta ta fara kuka. Ba mu riƙe ta ba. Muka bari sai da yamma da mai kular da ta saba da ita ta zo aiki, ta zauna kusa da ita tana taje mata kai tana yi mata hira, aka yi allurar ba ta ma waiwayo ba.

Wahalar gaske tana wajen ma'aikata. Mazaunanmu ba sa zuwa ko'ina, cuta da ƙafarmu take shigowa. Wani nazari da aka wallafa a 2006, a gidajen tsofaffi 44 a Birtaniya, ya nuna inda aka himmatu wajen yi wa ma'aikata allurar mura mace-macen mazauna sun ragu a kakar da murar ta yi yawo sosai. Masana sun yi ta jayayya a kan girman tasirin, amma ni ban ga abin jayayya ba a kan cewa mai mura yana fara yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya ji alama. Duk da haka masu ƙi suna da yawa: wannan ya ce shi ba ya mura, waccan ta ce tana da ciki, alhali masu ciki suna cikin waɗanda aka fi so su yi, wani ya ce ƙwai ba ya karɓarsa, alhali an daina ɗaukar wannan a matsayin hani. Lacca ba ta yi mini aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne ɗaukar tiren allura in bi mutane inda suke, har masu aikin dare da masu wanki da na kicin. Da yawa ba ƙi suke yi ba, ba za su ɓata ranar hutunsu su je layi ba ne kawai.

Sanyi ya yi nisa, muna ganin kamar mun sha. Ran nan da safe wajen miƙa aiki sai wata mai kula ta ce, "Sista, Mama ta ɗakin ƙarshe yau ba ita ba ce." Na ce me ta yi? Ta ce ba ta yi komai ba, abin da ya dame ta ke nan. Matar da kullum sai ta yi mitar ruwan wanka ya yi sanyi, yau aka yi mata wanka ba ta ce kanzil ba, abincin safe ma cokali biyu ta ci ta kau da kai.

Na je na same ta a kishingiɗe, ido rabi a rufe. Ba tari, ba majina. Zafin jikinta 37.6, bai kai 37.8 da ake ɗauka zazzaɓi a irin gidajenmu ba, amma na san jikinta, kullum a wajen 36 take. Na ƙirga numfashinta, 26 a minti. Na maƙala mata na'urar auna iskar oksijin a yatsa ta nuna 91, ita da ta saba 96. Haka mura take zuwa wa tsoho sau da yawa. Wanda ya tsaya jiran zazzaɓi mai zafi da atishawa zai makara, domin abin da za a gani shi ne ruɗewa, ko yawan barci, ko ƙin abinci, ko faɗuwa. Shi ya sa nake ganin mai kula da ta san halin mutum ta fi kowace na'ura da muke da ita saurin gano cuta, kuma ita ce mafi ƙarancin albashi a gidan.

Gwajin gaggawa na hanci ya nuna babu komai. Ban saki jiki da shi ba, don irinsa yakan kuskure masu cutar da yawa. Na ɗauki wani samfurin na aika ɗakin gwaje-gwaje a yi mata PCR, irin wanda yake duba mura da korona da RSV a lokaci guda. Ban jira sakamako ba: na sa aka bar ta a ɗakinta, aka ajiye takunkumi da safar hannu da rigar leda a ƙofa, aka ja labule tsakaninta da abokiyar ɗakinta. Da yamma wani dattijo a wannan ɓangare ya faɗi a banɗaki, aka taɓa shi jikinsa zafi rau. Washegari wasu suka tashi da tari. Kafin azahar sakamako ya fito: infuluwenza nau'in A.

Ƙa'idar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda gidaje da yawa suke bi, ita ce idan mazauna biyu suka kamu cikin awa 72 kuma gwaji ya tabbatar da mura a jikin ɗaya, to ɓarkewa ce. Mun wuce nan. Na kira likita, na kira shugabar gida, na kira hukumar lafiya na ba da rahoto, na kira mai harhaɗa magunguna. Na buɗe sabuwar takarda, layi ɗaya ga kowane mara lafiya: ɗakinsa, ranar da ya fara, alamominsa, gwajinsa, ko an yi masa allura. Ma'aikatan da suka kamu ma suna ciki.

A nan rajistar nan mai gundura ta biya wahalarta. Maganin mura, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu. Mara lafiya yana shan miligiram 75 sau biyu a rana na kwana 5. Wanda bai kamu ba amma yana ɓangaren da cutar take, ko an yi masa allura ko ba a yi ba, yana shan 75 sau ɗaya a rana na aƙalla mako biyu, a ci gaba har mako guda bayan mutum na ƙarshe ya kamu. Wanda ƙodarsa ta yi rauni kuwa sai a sauko zuwa 30, wani ma sai kwana ɗaya bayan ɗaya. Likita ya zauna da takardata yana bin sunaye yana rubuta adadin kowa, ba tare da an ɗebi jinin kowa ba, ba tare da na kira ɗan kowa neman izini ba. A daren ranar kowa ya sha nasa. Wasu ya sa su tashin zuciya, sai muka koma ba su tare da abinci. Masu wahalar haɗiya aka ba su na ruwa. Ma'aikatan ɓangaren da ba su yi allura ba su ma aka yi musu tayin maganin.

Sauran matakan sanannu ne, na yi su da sauri: aka rufe zauren cin abinci na ɓangaren, aka dakatar da karɓar sababbin mazauna, aka ware ma'aikatan da ba za su ƙetara zuwa wani ɓangare ba, kowa da takunkumi, ana goge hannun ƙofa da ƙarfen gado da maɓallin kira sau da yawa a rana, ana buɗe taga lokaci-lokaci duk da ƙorafin sanyi. Mai mura yana zama a ɗakinsa kwana 7 daga farawa, ko sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi, duk wanda ya fi tsawo.

A takarda killacewa abu ne mai sauƙi. Amma muna da wani dattijo mai ciwon mantuwa da yake wuni yana zagaye a baranda, ya shiga wannan ɗaki ya fita, ya taɓa wancan. Ya kamu. Ka ce masa ya zauna a ɗaki, zai ce to, bayan minti biyu ya manta. Ka sa masa takunkumi ya cire ya sa a aljihu. Kulle shi ba hurumina ba ne, ba shi maganin barci don ya zauna kuma zalunci ne, ga haɗarin faɗuwa. Abin da muka yi shi ne ware masa mai kula ɗaya tana binsa, tana goge masa hannu, tana juya shi daga ƙofofin mutane da dabara. "Baba, zo ka raka ni nan," sai ya biyo ta. Hakan ya ci mana ma'aikaciya guda a lokacin da wasu suke kwance a gidajensu, amma ban ga wata hanyar ba.

Zaman ɗaki shi kansa yana da illa. Tsohon da ya saba ci cikin mutane, idan aka kai masa tire shi kaɗai sai ya ci rabi. Ruwa ma sai an tuna masa. Muka fara rubuta abin da kowa ya sha, kofi-kofi. Baƙi kuwa ban yarda a hana su gaba ɗaya ba. Duk wanda ya yi aiki a 2020 ya ga abin da watannin kaɗaici suka yi wa tsofaffi. Muka ce mutum ɗaya ya zo, mai lafiya, da takunkumi, ya wuce kai-tsaye ɗakin nasa.

Ana cikin haka wata mata a wani ɓangare daban ta fara tari da shessheƙar ƙirji. Kowa ya ce murar ce ta ƙetara, a ba ta Tamiflu. Na ce a gwada tukuna. Sakamako ya nuna RSV. Da an ba ta maganin mura da an yi a banza, domin RSV ba ta da ƙwayar maganin da ake ba tsofaffi a kai a kai, sai oksijin da ruwa da sa ido. Da korona ce kuwa da wata hanyar za a bi: maganin Paxlovid cikin kwana 5 da farawa, bayan an tace magungunanta ɗaya bayan ɗaya, don yana karo da wasu magungunan kitse da na tsinka jini. Tari ɗaya ne a kunne, amma ƙwayoyin daban-daban ne, har da waɗanda ba su da allura sam, kamar hMPV da aka gano a Holan a 2001. Matar an yi mata allurar RSV, ta yi 'yan kwanaki da oksijin a ɗakinta ta warware, kuma abin bai bazu ba.

Yawancin masu murar sun yi zazzaɓi da kasala na 'yan kwanaki suka fara cin abinci. Iyalai da dama sun matsa a ba su maganin kashe bakteriya, na yi ta bayanin cewa ba ya taɓa mura. Abin da nake tsoro shi ne wanda ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo, kakinsa ya sauya launi, numfashi ya ƙaru. Wannan alamar nimoniya ce ta hau kan murar, kuma a nan ne maganin yake da amfani. Mama ta ɗakin ƙarshe haka ta yi, aka kai ta asibiti, ta dawo. Dattijon da ya faɗi a banɗaki kuwa, mai tsohon ciwon zuciya, zuciyar ce ta kasa ɗaukar nauyin. Ya rasu a asibiti. Allah ya jiƙansa.

An yi masa allura, mai ƙarfin ma. Ɗansa ya zo kwashe kayansa ya same ni a ofis ya ce, "Sista, ke kika kira ni kika ce in yarda a yi masa. Ga shi an yi, ya kamu, ya tafi. Mene ne amfaninta?" Ba faɗa yake yi ba, tambaya yake. Na yi masa ta'aziyya, na ce masa gaskiya allurar mura ba ta toshe ƙofa. Ko a shekarar da ta dace da irin murar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 ne a cikin jama'a, ga tsofaffi marasa ƙarfi kuma yakan gaza haka. Abin da muke nema da ita shi ne a samu ƙarancin masu kamuwa, waɗanda suka kamu kuma kaɗan su kai ga asibiti. Mahaifinsa yana cikin waɗanda ba ta isar musu ba. Ban ce masa da ba a yi ba da abin ya fi muni ba, don ba ni da hanyar sanin haka a kan mutum ɗaya. Ko a kan gidanmu gaba ɗaya ba zan kafa hujja da abin da idona ya gani ba, mutanen sun yi kaɗan. Dogarona yana kan gwaje-gwajen da aka yi da dubban mutane. Ya yi shiru, ya yi godiya a kan kulawar da aka yi wa mahaifinsa, ya tafi.

Rufe ɓarkewa lissafi ne daga mutum na ƙarshe da ya kamu. Mun fara ƙirga kwanaki, har an fara maganar buɗe zaure, sai wata ma'aikaciyar dare ta kira ta ce tana zazzaɓi, bayanta kuma wani mazauni da ta kula da shi. Lissafi ya koma farko, maganin kariya ya ci gaba. Da na yi hira da ita ta ce tun daren da ta yi aiki na ƙarshe take jin jikinta ba daidai ba, amma in ta zauna a gida ba za a biya ta ranar ba. Ban ga laifinta ba. Na kai maganar gaban shugabar gida, na ce in muna so mara lafiya ya zauna a gida to sai mu biya shi ya zauna.

Da mako guda ya cika ba sabon kamu, hukumar lafiya ta amince muka buɗe. Tsugune ba ta ƙare ba, don kwanciya tana cinye ƙarfin tsoho da sauri. Mama da take takawa da sandar dogarawa kafin murar ta dawo a keken guragu, sai da mai gashin ƙashi ya yi makonni yana aiki da ita kafin ta iya miƙewa da taimako. Irin wannan asara ba ta shiga rahoton da na aika, don fom ɗin masu kamuwa da masu kwanciya asibiti da masu rasuwa kawai yake tambaya.

Na sake zagayawa da tiren allura wajen waɗanda suka ƙi a farko, mazauna da ma'aikata, domin nau'in A ne ya same mu, nau'in B kuma yakan zo a ƙarshen kaka, wanda ya yi wannan bai tsira daga wancan ba. Da yawa sun miƙo hannu a wannan karon. Yanzu duk sabon mazauni a ranar da ya shigo ake cika masa layinsa a rajista, har da gwajin ƙoda da takardar amincewa. Shugabar gida ta yarda a riƙa biyan ma'aikacin da gwaji ya nuna ya kamu har ya warke. Abin da har yau ban shawo kansa ba shi ne ma'aikatan haya, waɗanda kamfani yake turo mana idan namu sun gaza. Mutum ɗaya yakan yi aiki a gidaje biyu ko uku a mako guda. Mun rubuta wa kamfanonin cewa duk wanda za su turo ya zo da shaidar allurarsa, a kuma gaya mana in ya fito daga gidan da cuta ta ɓarke. Wasu suna aikowa, wasu sai mutumin ya iso bakin ƙofa da dare nake tambayarsa da kaina.